Kawunan Mutum-Mota

Mutum-mota muke kiransu a Birnin Konni. Ƴar babbar mota ce ta roba, in ka ja ƙafafu daga baya ka buɗe ƙofofi sai hannuwa su fito, ka danna gaba kai ya ɓullo. Yayana ne ya fara kawo mini wani ja daga kasuwar ƙetaren iyaka, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Daga baya na gane ashe ƙira ɗaya ce, fenti kawai ake canjawa, sai kwaɗayi ya kama ni. Na samo shuɗi, na samo ruwan ɗorawa. Baƙin mai zanen zinariya kuwa, wanda ƴan tebur suka rantse kwali ɗaya tak ya shigo, sai da na ba wani yaro ɗan soja ƙwallona da gwafata ta harbin tsuntsu kafin ya sakar mini. Inna ta yi ta mini dariya wai abu ɗaya nake tarawa, ita da ta jera tasoshi iri guda kala-kala har rufin ɗaki.

Wata ranar Laraba Baba ya dawo daga awon albasa, ya leƙa ɗakinmu neman igiya. Ya tarar da su tsaye a kan taga, kowanne da fuska da idanu.

"Mi na wanga? Gumaka cikin gidana? Mala'iku ba su shiga ɗaki mai mutum-mutumi. A hidda musu kawuna, ko a kai su bola."

Baba ba mugu ba ne, tsoron Allah ne ya yi maganar. Amma ni na san kan shi ne makullin gaban motar, in an yanke shi ba mutum ba mota. Na yi kuka har da majina, abin da na daɗe ban yi ba. Da ya ga haka sai ya ce in ɗauko guda mu je wurin liman bayan la'asar, abin da ya faɗa shi za a yi.

Na naɗe jan na kai. Liman, tsoho mai raha, ya juya shi a hannu ya ce, "Alhaji, wagga ai mota ta." Baba ya ce in buɗe. Da kan ya yi tsalle ya fito, sai da tsohon ya ja da baya yana salati, sannan ya fashe da dariya. Ya sa na maimaita. Ya ce abin wasan yara ne, ba a bauta masa, amma don zuciyar maigida ta kwanta, in na gama wasa in mayar da su motoci, kada a bar kai a waje.

Na dawo gida kamar in tashi sama. Baba ya tsaya bakin ƙofa ina naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan baƙin, kan ya ƙi shiga. Tun a hannun ɗan sojan yake cijewa, shi ya sa kullum nake barinsa tsaye. Na danna, na hura, na danna. Zufa ta keto mini.

"Miƙo shi nan," in ji Baba.

Ya tsuguna, ya zaro ƴar wuƙar da yake yanke igiyar buhu da ita. Na rufe idanuna, don ba zan iya kallo ba. Na ji ƙarar kankara a hankali, sannan ƙas!

Da na buɗe, mota ce baƙa a tafin hannunsa, lafiya lau. Yana goge bakin wuƙar a gefen riga.

"Rairai na yac cika wuyan," ya ce. "Ka bar aje shi ƙasa. Wanga ai ya hi sauran kyau."