Ledar da Ta Harbe Ni a Tekun Legas

Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa an sace min waya da masu cewa na yi arziki na manta da ku, duk ku huta. Jinya na yi, kunya ce ta hana ni faɗa.

Sai na fara da tarihin gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane kunyar ba.

Kakan kakana, Alhaji Magaji, ya tafi Hajji a ƙasa daga Gozaki tun kafin zuwan Turawa. Shekara bakwai ya yi, ya dawo da wani labari: wai a bakin Bahar Maliya ya shiga wanka, sai wani curin ruwa mai igiyoyi ya harbe shi a ƙafa har ya suma. Mutanen da iyakar saninsu rafi da rijiya suka yi ta dariya. Tun daga nan ake kiran gidanmu Gidan Harbin Ruwa. Har yau in ɗan gidanmu ya ba da labari a majalisa, sai wani ya ce, "To, shi ma ruwa ya harbe shi."

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariyar ba, kakana Malam Audu. Ya haura tamanin, kuma ya rantse yana yaro ya ga tabon a ƙafar tsohon, zane-zane kamar shatar bulala. Ni ne shugaban masu tsokanarsa. Ko alwala zai yi sai na ce, "Tsoho, a kula da butar nan, kada ta yi harbi."

To, bayan girbi na bi motar masarata daga Funtua zuwa Legas. Da muka sauke kaya, direbanmu Sani ya ce mu je mu ga teku. Na naɗe wando na shiga iya gwiwa, sai ga wata farar leda tana lilo a ruwa. Ni da sana ya haɗiyi leda ya mutu bara, ba na ganinta in wuce. Na sa hannu na kwaso, igiyoyinta suka naɗe min hannu har dantse.

Sau huɗu kunama na harbina a gona. Wallahi ashe gaisuwa kawai take yi.

Sani ya yi min taimakon harbin kunama irin na gida. Ya ɗaure min dantse da tsumma, ya kwarara ruwan sha, ya sa hularsa ya mulke wurin da iya ƙarfinsa. Zafi ya ninka. Sai amai, sai ƙirjina ya riƙe, numfashi ya koma kamar ina zuƙa ta cikin kara.

A asibiti aka yi min allurai, aka sa min ƙarin ruwa da abin shaƙar iska, aka ɗebi jini, aka auna bugun zuciya.

Na ji tsoro ƙwarai. Na tuna matata da 'ya'yana. Sannan na tuna in na mutu, Sani zai je Gozaki ya ce ruwa ne ya harbe ni, a zauna zaman makokina ana ƙunshe dariya.

Likitar Bayarabiya ce mai jin Hausa. Ta duba hannun ta ce, "Wane ne ya goge maka?" Sani ya shiga kallon silin.

Ta ce, "Sunansa jelifish, amma ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashi, ba jini, ba ƙwaƙwalwa. Igiyoyin nan cike suke da 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, kowace da ƙayar dafi a nannaɗe a ciki. Da an taɓa sai ta harba. Ruwan sha da guga su suka tayar da waɗanda ba su riga sun fashe ba."

Har ta ce ƙofa ɗaya gare shi, ta nan yake ci ta nan yake fitarwa. Na ce wato abin da bai bambance baki da makewayi ba shi ya kwantar da ni. Muna dariya sai ta ƙara da cewa, "Kusan duk jikinsa ruwa ne."

Nan dariyata ta tsaya.

Kwana huɗu na yi aka sallame ni. A gida wurin ya yi ruwa, na yi sati uku ina zuwa wankin ciwo Malumfashi. Na koma sa riga mai dogon hannu, duk wanda ya tambaya na ce igiyar mota ce ta goge ni.

Ran nan Malam Audu ya dogaro sandarsa ya zo dubiya. Ya ce, "Kai, ɗan Legas, buɗe in gani." Na buɗe. Ya bi zanen da yatsa a hankali. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Haka nasa yake. Wallahi haka nasa yake."

Na gaya masa komai, na ce, "Tsoho, ka yafe min." Ya ce, "Sai ka biyo ni majalisa." Ranar Juma'a ya tasa ni gaba, da kansa ya naɗe min hannun riga yana nuna wa kowa. Wani ya ce ashe abin gado ne. Tsoho bai ko kalle shi ba.

Shi ya ce in rubuta muku, in sa hoton hannun.

Na gode wa Allah da ya ba ni lafiya. Na gode wa likitar nan, da matata da ta sha jinya, da Sani da ya kusa ƙarasa ni da kyakkyawar niyya.

Masu zuwa teku, kada ku taɓa abin nan ko a mace yake a kan yashi, yana harbi. In ya taɓa mutum, a wanke da ruwan teku, a cire igiyoyin da tsinke, kada a goge. In numfashi ya canja, a garzaya asibiti.

Kuma don Allah ku sa Alhaji Magaji a addu'a. Gaskiya ya faɗa.