Mai Bincike Don Kada Ya Samu

Yayan matata malamin adabi ne a wata sakandare, amma a gida Dakta muke ce masa tun ranar da ya yi rajistar digiri na uku. Kundinsa a kan yadda marubuta ke kwatanta tsufa ne a ƙagaggun labarai. Ya fara da baƙin gashi, har maudu'in ya biyo shi gida da furfura.

Duk Asabar yana laburaren jami'a, gaban kwamfutar da ke jikin taga, mai linzamin da sai an buga shi a tebur yake motsi. Mutane suna shiga rumbun mujallu don su samu, shi kuwa don kada ya samu. Mai duba aikinsa ya taɓa ce masa in wani ya riga shi, aikin ya mutu. Don haka in ya rubuta kalmomin bincikensa, sai ya shiga akwatin shekaru ya tsayar da binciken a shekarar da ya fara digirin. Allo ya ce babu sakamako, ya yi hamdala ya tafi.

Wata Asabar ya tarar an sabunta manhajar, akwatin shekarun ya koma inda bai sani ba. Ya danna haka nan. Kundi guda ya fito, taken kamar daga bakinsa aka ɗauka. Wata ce ta rubuta, har an yi mata jarrabawa.

Ya tashi daga gaban kwamfutar. Ya je wurin mai kula da ɗakin ya ce a buga masa.

"Baba, duka? Gaba da baya, ko gefe ɗaya?"

"Yadda kika gani, 'yata."

Da yamma na same shi a falo, takardun a cinyarsa, shayi ya huce, talabijin na ta yi babu murya.

"Dakta, yau an ci nasara ke nan? Wannan tulin fa?"

"An rubuta," ya ce.

"Wa?"

"Wata yarinya. Babinta na uku ya fi nawa."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "To, sai a sake wani maudu'in mana."

Ya dube ta kamar mai jiran a fassara masa. Can ya laluba aljihu ya ciro jan biron da yake duba jarrabawar ɗalibai da shi, ya koma shafin farko, ya fara sa wa yarinyar maki a gefe. Har na tashi bai sami kuskuren da zai zagaye ba.