Abin da Ya Faru da Yaya a Tsibirin Penang

A unguwar Pantai Dalam da ke birnin Kuala Lumpur gida ɗaya muke zaune da wani ɗan Borno, mu biyun muna digiri na uku. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa. Na san ya yi aikin soja kafin ya dawo karatu, amma ba ya son zancen. Da aka yi hutu, ni na matsa masa muka bar Kuala Lumpur zuwa Penang, don mu ga wani tsohon sansani da Japanawa suka ƙwace a hannun Turawa lokacin yaƙin duniya na biyu.

Wani dattijo ɗan ƙasar ne ya zaga da mu. Ya nuna mana ɗakin da ake azabtar da fursunoni, da inda ake durƙusar da mutum a sare masa kai da takobi. Bangon duk ramukan harsashi ne. Yaya ya sa yatsa a ɗaya, ya ce, "Wannan daga kusa aka harba."

Ashe a bayan tudun ana wasan harbi da bindigogi masu fesa fenti, ba mu sani ba. Muna fitowa daga wani rami mai duhu sai muka ji tas-tas-tas, wani mutum ya ɓullo daga cikin ciyawa, fuska a rufe, bindiga a hannu. Ban ga lokacin da Yaya ya isa gare shi ba. Ya maka shi da ƙasa, ya murɗe masa hannu har na ji ƙashi ya karye, ya danne masa maƙogwaro da gwiwa. Mutumin yana shure-shure, sai na lura da fenti a jikin rigarsa. Na rungumo Yaya ta baya ina cewa, "Yaya, wasa ne, fenti ne." Ya kai mini gwiwar hannu a baki, haƙorina ya fita, jini ya wanke mini riga.

Dattijon ne ya durƙusa ya zare abin da ya rufe fuskar mutumin. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, idanunsa sun firfito. Yaya ya dube shi, ya sake shi, ya zauna a ƙasa.

A asibiti 'yan sanda suka zo. Na yi wa mutumin bayanin aikin sojan da Yaya ya yi a gida. Mutumin ya dubi Yaya, hannu a ɗaure, sannan cikin dasasshiyar murya ya ce ba zai kai ƙara ba, amma lallai a kai Yaya wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Da muka koma Kuala Lumpur ni nake raka Yaya wajen likitan duk mako, in jira a waje. Bayan watanni, muna cin shinkafa a shagon Indiyawan unguwarmu, ya fara ba ni labarin ranar da aka yi wa motarsu kwanton ɓauna, su uku kacal suka fita da rai. Abincin ya huce a gabanmu, ban katse shi ba.