Cigiyar Katin Gola

Na haura shekara arba'in kafin in fara tara katin 'yan ƙwallo, kuma ba ni na nemi abin ba. Ƙanena ne ya koma Jidda da aiki, ya bar littafinsa a gidanmu na unguwar Shisha a nan Makka, irin mai aljihunan roba ɗin nan, kowane ɗan wasa da gurbinsa. Rabin guraben a buɗe suke. Ni kuwa idan na ga gurbi a buɗe hankalina ba ya kwanciya, ko maɓallin riga ne ya cire.

Kafin in sayi kati ko ɗaya sai da na je wurin limamin unguwarmu. Na tambaye shi ko sayen kati a rufe cikin leda caca ne, da kuma ko ba da biyu a karɓi ɗaya riba ce. Ya ce kati ba zinari ba ne, ba dabino ba ne, in je in yi wasana. Bayan mako na koma in ji ko ya sake tunani.

Ranar Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa a bayan baƙala, wato kantin unguwa, mu baje katinmu a kan murfin motar wani maƙwabcina ɗan tasi. Manya ne dukkanmu, wasu har da furfura. Katin da ya zo maka sau biyu shi muke kira mukarrar, da shi ake musaya. Akwai wani tela a cikinmu da wani alhajin Amurka ya taɓa bai wa damin katin ƙwallon sanda irin tasu ta can. Babu wanda ya san mutanen da ke jiki, amma kullum sai ya yi tallarsu, yana rantsuwa cewa a ƙasarsu ana sayen gida da guda ɗaya.

A hankali littafina ya cika, saura gurbi ɗaya: golan ƙasar kakanninmu, mai koriyar tuta a kusurwa. Duk Shisha babu mai shi.

Aikina wankin bas ne a tashar Kudai. Bayan Hajji motocin sukan dawo daga Muzdalifa cike da ƙura da tsakuwar jifa da warin takalma. Wata safiya ina shara a ƙarƙashin kujerun gaba na wata bas, sai tsintsiya ta turo kati. Na juya shi da yatsa. Golan ne! Na yi kabbara da ƙarfi har abokin aikina ya leƙo yana tambaya ko kunama ce. Na rungume abokin nawa, tsintsiya a tsakaninmu, ina dariya kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Kati na hannuna sannan na tuna inda nake. Tun muna yara aka koya mana cewa tsintuwar Makka ba kamar ta sauran garuruwa ba ce. A cikin Harami ba ka ɗaukar abin da ya faɗi sai in cigiya za ka yi, kuma ko shekara nawa ka yi kana cigiyar, abin ba zai zama naka ba. Ga shi na riga na ɗauka.

Da na kai gida na ajiye shi a kan firiji, nesa da littafin. Maiɗakina ta dube ni ta dubi katin.

"Malam, kwali ne fa. Saka shi mu huta."

"Kwalin wani ne."

"To daina kewaya firijin, kana sa ni jiri."

Ranar Juma'a na yi cigiya a bayan baƙala. Na ce na tsinci gola, mai shi ya faɗi alamar da ke jikinsa. Akwai alamar kuwa, wani baƙin layi a gefen katin, amma na riƙe ta a cikina. Wurin ya ruɗe. Kowa ya tuna ya yar da gola.

"Nawa ne, ya shaikh!" in ji tela. "Alamarsa yana da hannu biyu."

Ɗan tasi ya ja ni gefe, wai zai ba ni fatawa. "Yaya, bas ɗin nan ba daga Arfa ta taso ba? Arfa ai wajen Harami take. Ka ce a can ya faɗi, halas."

"A Kudai na tsince shi."

"Iska ce ta kawo shi Kudai."

Na yi dariya har na riƙe ciki, amma a hanyar gida sai da na yi istigfari, don na ɗan ji daɗin fatawar.

Na ci gaba da cigiya a tasha. Duk direban da ya shigo sai in tare shi da tiyo a hannu: wa ya yar da katin ɗan ƙwallo? Har suka sa mini suna mai gola. Ina tambaya, zuciyata na addu'a biyu a lokaci guda, Allah Ya kawo mai shi, Allah Ya sa ba ya so.

Bayan wasu makonni wani dattijon direba, Bahaushen Chadi, ya dawo daga hutu. Shi ne mai tuƙa bas ɗin. Da ya ji cigiyata sai ya tsaya yana murza gemu.

"Wani yaro mai manyan safar hannu? Gefensa da baƙi?"

Na yar da tiyon. "Baba, baƙin mene ne?"

"Robar taga ce. Tagar gefena tana kaɗawa, shi nake cusawa tsakanin gilashi da roba. Jikata ce ta jefar da shi na ɗauka. Tun da ya ɓace kaina ke ciwo da ƙarar nan. Kawo abina."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya nufi taga zai cusa shi, na yi tsalle na riƙe hannun rigarsa.

"Baba, don girman Allah! Mu yi musaya."

Na zaro mukarrar daga aljihu, 'yan baya uku masu kauri. Ya jujjuya su, ya lanƙwasa ɗaya ya ji ƙarfinsa, kamar mai sayen fata.

"Dakata tukun, ɗana. In taga ta yi magana, babu ciniki."

Ya haɗa ukun ya cusa, ya hau kujera ya tayar da mota. Masu wanki duka suka bar aiki suka taru. Ya taka mai, bas ta yi ruri, ni kuwa na kafa kunne a jikin gilashi ina riƙe da numfashi. Tagar ba ta ce uffan ba. Ya sake takawa. Shiru.

"To," in ji shi, ya miƙo golan ta taga.

Na ce ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu cewa ya yarda. Ya ce ya yarda. Na ce jikar fa, ta yafe? Ya ce in ban karɓa yanzu ba zai mayar da shi taga ya zama na huɗu.

Na fizge katin na ɗaga shi sama. Tiyon da na yar yana ta ambaliya a ƙasa, na shiga ruwan da takalman roba ina taka rawar da ban taɓa sanin na iya ba, direbobi na danna hon. Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin kumfa, ina dariya, hannuna na sama, golan bai jiƙe ba.