Kafintan da Ya Cire Ƙyauren Ɗakin Ɗansa

Duk layinmu babu wanda bai taɓa zaman jiran aiki a wajen Sai-Gobe ba. Kafinta ne, kuma gwani, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma ka ba shi aikin gadon jariri, sai yaron ya fara gudu kafin ka karɓa. Ka je masa da faɗa, ya zare fensir daga bayan kunne, ya ƙura wa sama ido, ya ce, "Sai gobe, in Allah ya yarda." Haka sunan ya manne masa, har matarsa takan yi suɓutar baki ta kira shi da shi.

Tun yana saurayi yake shaƙar garin katako. Shagonsa rumfar kwano ce a jikin gida, zarto da guduma a rataye, ƙusoshi cikin tsofaffin gwangwanayen madara, warin gam har bakin titi. A ganinsa duk abin da ya lalace a duniya, ko dai ƙusa ce ta saki, ko awo ne bai yi daidai ba. Matarsa ta yi fushi da shi, ba zai ba ta haƙuri da baki ba, sai ta wayi gari ta ga an gyara mata ƙafar kujera.

Ɗansa na fari shi muke kira Injiniya, don tun yana ƙarami ya kwance fitilar gidansu ya kasa mayarwa. Dogon saurayi mai baki, ya gama karatu yana neman aiki, kuma in ana tsokana a bencin mai shayi shi ke cinye mu. Sai muka ga ya rage magana. Ya bar zuwa ƙwallo, ya bar benci, daga baya ya shige ɗaki ya danna sakata. Uwarsa ta ajiye abinci a bakin ƙofa, ya huce, ta ɗauke.

Mu kuwa maƙwabta, likitoci marasa takarda, kowa ya kawo magani. Mai shayi ya ce a yi masa aure. Tela ya ce wayar nan ce ta cinye masa kai. Direba ya ce hutu ne ya yi masa yawa, a ba shi zarto ya ga aiki. Sai-Gobe ya saurari kowa yana gyaɗa kai, ya koma kan katakonsa.

Wata rana da hantsi ƙanwar Injiniya ta shigo shago. Rediyo ake ce mata, don tun daga ƙofar makaranta ake jin surutunta. Ranar ta tsaya shiru a bayan ubanta, shirun ne ma ya sa ya waiwayo.

"Baba, Yaya ya ba ni takalmansa na ƙwallo, wai in ba duk wanda na ga dama. Ya ce ya gaji da rayuwa, in babu shi kowa zai huta."

Sai-Gobe ya dubi kayan aikinsa, ya ɗauki abin da hannunsa ya sani, ya shiga gida. Da yaron ya buɗe zai je bayi, uban ya durƙusa ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da ƙyauren, ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shago.

Matarsa ta biyo shi da ludayi a hannu. "Malam, lafiya? Ƙofar ce ba ta da lafiya ko yaron?"

"Abin da idona ke gani ba zai kuɓuce mini ba," in ji shi. "Ku riƙa leƙa shi."

Aka shiga leƙe kuwa. Uwar ta riƙa share gaban ɗakin nan har siminti ya fara ƙyalli. Rediyo ta wuce ta dawo, wai neman tsintsiya take, alhali tsintsiyar na hannun uwarta. Shi kansa kafinta sai ya buga ƙusa ɗaya ya shigo shan ruwa, ya buga wata ya sake jin ƙishirwa. Injiniya ya juya fuska bango, ya ja bargo har ka, cikin zafin da ko kare ba ya fita. Ƙanwar da yake ɗan yi wa magana ma ya daina. Abu ɗaya ya ce mata: "Ke kika faɗa, ko?" Yarinya ta wuni tana kuka a bayan rumfa.

Sai-Gobe ya rame. Ya auna katako ya yanke ba daidai ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. An ce masa akwai likitan irin wannan ciwo a babban asibiti, ya roƙi yaron su je, yaro ko motsi. Sai ya sa rigarsa ta fita ya tafi shi kaɗai, ya zauna a layi cikin marasa lafiya yana murza hularsa.

Likitar ba ta girmi Injiniya da yawa ba. Ta saurare shi har ya kai ƙarshe, har zancen ƙyaure, ba ta yi dariya ba.

"Baba, kun yi daidai da ba ku raina maganar ba. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Amma gadi daban, zama da mutum daban. Kun tambaye shi?"

"In tambaye shi me, 'yata?"

"Ko yana tunanin kashe kansa. Haka, ƙarara."

Kafinta ya zabura. "Subhanallahi! Ni da bakina? Ai sai in tuna masa."

"Tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. Ciwo ne, kuma ana samun sauƙi. Ku tambaye shi, ku saurara, kada ku yi faɗa, sannan ku kawo mini shi."

A hanya ya yi ta bincika kansa. Tun da aka haifi yaron nan, tambayoyinsa gare shi ba su wuce "Ka ci abinci?" da "Ina ka kai mini guduma?" ba.

Da la'asar ya shiga ɗakin, ya zauna a ƙasa kusa da katifa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya yi gyaran murya. Ya yi zancen zafi. Ya yi zancen rufin da ke yoyo. Can dai ya runtse ido ya tambaya, muryarsa kamar ba tasa ba.

Daga cikin bargo aka ce, "E, Baba. Ba kullum ba. Amma e."

"Me muka yi maka?"

"Ba ku yi kome ba. Ni ma ban san mene ne ba."

Sai-Gobe ya dubi tafin hannayensa masu kanta, ya rasa inda zai sa su. Ya ɗora ɗaya a kan bargon, wajen da yake zaton kafaɗa ce.

"To yau fa?"

"Yau da sauƙi kaɗan."

Sai da aka kwashe kwanaki ana lallashi kafin Injiniya ya bi shi asibiti. An mayar da ƙyauren, ba sakata. Yana shan magani, yana zuwa ganin likita, wani zuwan da ƙafarsa, wani sai an yi ta fama. Wata rana ya ci abinci har ya tsokani Rediyo, kashegari ya koma ƙarƙashin bargo kamar ba a yi ba.

Mu a benci bakinmu ya mutu, mai shayi ma ya bar zancen aure. Kowace safiya, kafin ya taɓa zarto, kafinta yakan ƙwanƙwasa, ya shiga ya zauna a ƙasa, ya ce, "Yau fa?" Wani lokaci a amsa masa. Wani lokaci kuwa sai rana ta take yana nan zaune, masu aiki na sallama a shago, shi yana kallon bargo yana jira.