Baba ya gyara wa Nura tabarau

Jiya da safe ƙanena Nura ya fito tsakar gida riƙe da tabaransa na ninkaya, kamar zai yi kuka.

Irin na 'yan gasa ne, a wargaje ake sayar da shi: gilasai biyu na roba mai tauri, zare da igiya. Kai za ka haɗa abinka daidai hancinka. Ba soso a bakinsa, shi ya sa kullum Nura yake dawowa da shati zagaye da idanu.

Ashe Babanmu, wanda ya tsufa yana dukanci a kasuwar Kurmi, yana lura. Mutumin da yake kiran ninkayar "wasan kududdufi" fa! Ya ɗauke tabarau ɗin a ɓoye, ya manna masa jar fatar akuya mai laushi a baki, har da ɗan ado.

"Baba, ruwa zai shiga! Kuma yau ce gasar."

Baba ya kurɓi kokonsa. "To ya shiga mana. Ni dai na gaji da ganin idonka kamar wanda aka nausa."

Nura ya shiga ɗaki ya haɗa wani da yake ajiye da shi a leda, da shi ya yi gasar. Amma a hoton da ya turo daga bakin ruwa, mai jar fatar ne rataye a wuyansa.

Na miƙa wa Baba wayata ya ga hoton. Har yanzu bai dawo mini da ita ba.

Iyayenmu ba sa cewa suna sonka, sai dai su ɓata maka kaya. Ku me naku suka taɓa "gyara" muku?