Hannun Gwaggo Hasanatu

Duk 'yar Arewan da ta haihu a unguwar Cheras, in mahaifiyarta ba ta samu biza ba, Gwaggo Hasanatu ce uwarta. Ta zo Kuala Lumpur ne da mijinta, Malam Tajuddeen, mai saro wa 'yan kasuwar Kano kayan waya. Da ya rasu ta ƙi komawa, ta ce a nan aka fi buƙatarta. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, amma wankan jego a hannunta yake. Za ka gan ta a jirgin ƙasa na MRT da ƙunshin darbejiyar da ta sayo wurin Indiyawa. Ta tafasa ruwa, ta sirka a bokiti, ta tsoma hannu sau ɗaya, magana ta ƙare. Wata matar ɗalibi ta taɓa miƙa mata ma'aunin zafi, Gwaggo ta ce ta ajiye abinta ta auna miya.

Ni Kausar maƙwabciyarta ce, kuma na fi kowa tsokanarta. Da ta fara kukan tafin ƙafa, wai kamar an zuba mata barkono, cewa na yi tsufa ne ya yi sallama. Ranar da silifas ɗinta ya zame a lif ta shigo gidana da takalmi ƙafa ɗaya ba ta sani ba, har da hawaye na yi don dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce in raka ta asibiti, Turancinta na cefane ne.

A can na ji abin da ta yi shekara da shekaru tana ɓoyewa. Tana ɗauke da ƙwayar HIV, kuma sai bayan rasuwar Malam ta sani. Tana shan magani, ƙwayar ta lafa. Likitar ta ce ƙwayar ba ta cika shiga jijiyoyin ji da kanta ba. Garkuwar jiki ce ke taruwa a tushen jijiyoyin, kusa da ƙashin baya, tana zubo sinadaran yaƙi, wurin ya yi kumburi. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara lalacewa, daga ƙarshenta, shi ya sa yatsun ƙafa ke fara zugi, daga baya su daina jin komai. Ta ce abin yakan hau zuwa hannu, a kula da ruwan zafi.

Na fassara mata komai, ban rage ba. A hanya Gwaggo ta riƙe mayafina ta ce, "'Yar nan, in maganar nan ta fita, wa zai sake miƙo mini jariri?"

Na ce ba za ta fita ta bakina ba. A lokacin kuwa cikina ya tsufa.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Cutar ba ta dame ni ba, na san ba a ɗaukarta a ruwan wanka. Hannun ne. In ta ɗauki kofin shayi sai in bi shi da ido. In cokali ya faɗi mata sai gabana ya faɗi. Na yi tunanin in ce asibiti sun hana ni wanka, amma duk matan unguwa za su tambayi dalili, kuma Gwaggo ba yarinya ba ce. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanne ya fi yawa.

Na haifi Afnan, Mama ba ta samu biza ba. Washegarin sallamarmu da safe Gwaggo ta iso da darbejiyarta, ta ce a fara da jaririya. Ta juye tukunya a baho, ta ƙara ruwan famfo, ta tsoma hannu. Ta daɗe ba ta cire ba, abin da ban taɓa gani ba. Tururi yana tashi har madubin banɗaki ya rufe.

Ta ce, tana haɗawa da yaren Malay, "Boleh lah, ya yi daidai. Kawo ta."

Afnan tana kafaɗata. Ban miƙa ta ba. Na ce, "Gwaggo, dubi hannunki."

Ta ɗago shi. Fatar ta yi jawur tun daga yatsu har wuyan hannu, bayansa ya fara tasowa. Ta juya shi tana kallo kamar na wani. Na kwantar da Afnan a gado, na dawo na kunna famfo na riƙe mata hannun a ƙarƙashin ruwan sanyi. Ita ko motsi ba ta yi ba.

Can ta ce a hankali, "Wallahi ɗumi na ji."

Na ce na sani.

Ruwa yana ta zuba a hannunta. Sannan ta ce, "Sharifa ta unguwar Danau Kota, watan gobe ne haihuwarta. Kira ta ki ce ta nemi wata. In ta tambayi dalili, ki ba ni wayar."